Yadda ƙaramin shafi zai sha gaban manya a binciken Google

Ɗauki wayarka ka buɗe Google, ka rubuta "labaran duniya" ko "labaran Najeriya a yau". Tun kafin sakamakon ya gama fitowa ka san waɗanda za ka tarar a sama: BBC Hausa, DW, RFI, TRT Afrika, Aminiya da ire-irensu. To goge, ka rubuta wata tambaya da ta shafi rayuwar yau da gobe. A ce yadda ake adana albasa ta kai damina ba ta ruɓe ba, ko takardun da ake nema wajen yi wa ƙaramin shago rajista, ko abin da ke sa cajin waya ya zube cikin dare. Nan za ka ga an fara kame-kame. Wani shafin na Turanci ne, wani fassarar inji ce da ko kai Bahaushe ba za ka gane ta ba, wani kuma tsohon rubutun Facebook ne da ya shekara biyar a ajiye.

Wannan giɓin da ke tsakanin bincike na farko da na biyu shi ne kasuwar duk matashin da ke da ƙaramin shafin intanet, ko yake tunanin buɗewa. Matasa da yawa sun buɗe shafi a Blogger ko WordPress da zumuɗi, suka yi wata uku suna zuba labaran siyasa da na Kannywood, da suka duba suka ga masu shiga ba su wuce su da abokansu ba, sai suka watsar. Wasu kuma sun tura kuɗi ga wanda ya yi musu alƙawarin "shafin farko cikin mako guda", kuɗin ya tafi, shafin yana nan inda aka bar shi. Abin da ya kayar da mafi yawansu shi ne filin da suka zaɓa: sun shiga kokawa da manya a daidai inda manyan suka fi ƙarfi.

Aikin gyara shafi don ya riƙa fitowa a sakamakon bincike shi ake kira SEO a taƙaice. Sunan ya fi aikin ban tsoro. Yawancinsa abu ne da mai waya da haƙuri zai iya yi da kansa.

Me ya sa manya ke zama a sama?

A 1998 Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka haɗu a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka kafa Google. Dabarar da ta bambanta su da sauran injinan bincike na lokacin ita ce PageRank. Ma'anarta a sauƙaƙe: duk shafin da ya saka linki mai kaiwa zuwa naka, tamkar ya kaɗa maka ƙuri'a ne, kuma ƙuri'ar shafin da ake ganin girmansa ta fi ta wanda ba a sani ba nauyi. Yau abubuwan da Google ke aunawa sun ƙaru sosai, amma linki bai daina tasiri ba.

To ka auna da kanka. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake aiki. Shekara da shekaru jaridu da jami'o'i da sauran shafuka suna nuni zuwa shafin BBC, ga wakilai a garuruwa, ga editoci. Idan gwamna ya sauke kwamishina da ƙarfe goma, kafin sha ɗaya manyan kafafe sun wallafa. Kai da ke da waya ɗaya da datar mako, ka ce a kan wannan labarin za ka wuce su? Ai ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Sai dai ga inda lissafin ke canzawa. Kowace tambaya da aka rubuta a Google sabuwar gasa ce, kuma wanda ake nema shi ne rubutun da ya fi amsa wannan tambayar. Kamfanin ya sha faɗa cewa kashi 15 cikin 100 na binciken da ake yi a kowace rana sababbi ne, bai taɓa ganinsu ba. Babu gidan jaridar da ke da ma'aikatan da za su bi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. A Hausa kuwa, inda rubuce-rubucen da ke intanet ba su kai ko kusa da yawan masu magana da harshen ba, tambayoyin da ba a amsa ba sun fi waɗanda aka amsa.

Nemi lungun da babu kowa

A 2004 editan mujallar Wired na lokacin, Chris Anderson, ya yi wani rubutu da ya shahara a kan abin da ya kira doguwar wutsiya. Bayaninsa shi ne, akwai 'yan kayayyaki kaɗan da kowa ke nema, akwai kuma dubban kayayyaki da kowannensu mutane kaɗan ne ke nemansa, amma idan aka tara su sai su zama babbar kasuwa. Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san wannan tun kafin Bature ya rubuta. Manyan diloli sun riƙe atamfa da shadda, amma mai ɗan teburin da ya ƙware a zare da maɓalli da zif yana da kwastomomin da ba sa zuwa ko'ina sai wurinsa.

Haka bincike yake. Kalmar "waya" ta manya ce. "Yadda ake gane wayar da aka canza wa sikirin kafin a saya a Farm Centre" taka ce, idan gyaran waya ne sana'arka. "Girki" ta manya ce. "Kwano nawa na shinkafa zai ishi mutum hamsin a walima" taki ce, 'yar'uwa, idan kina aikin abincin biki. Masu yin irin wannan tambayar ba su da yawa, amma sun san abin da suke so, kuma sau da yawa kuɗi na hannunsu.

Ina za a samo tambayoyin? Fara rubuta "yadda ake" a Google ka tsaya, ka ga abin da zai ƙarasa maka, domin daga binciken mutane yake ɗaukowa. Duba tambayoyin da ake ta maimaitawa a guruf-guruf na WhatsApp da ƙarƙashin bidiyoyin TikTok. Idan kana da shago, tambayar da kwastoma uku suka yi maka a mako guda ta cancanci rubutu. Akwai kuma Google Trends, kyauta ne, za ka iya zaɓar Najeriya ka ga lokacin da neman wata kalma ke tashi da jihohin da aka fi nemanta. Neman ɗinki da rago na tashi gab da Sallah, na JAMB na tashi lokacin rajista da fitar sakamako. Mai wayo yakan yi rubutunsa wata ɗaya ko biyu kafin lokacin, don Google ya samu damar ganinsa.

Kafin ka rubuta, bincika tambayar da kanka ka karanta shafuka biyar na farko. Idan sun amsa ta yadda ba ka da abin ƙarawa, bar musu, nemi wata. Idan kuwa ka gama karantawa har yanzu ba ka samu amsa ba, to ga ƙofarka nan.

Sannan ka tsaya a fanni guda. Rubutu talatin a kan noman albasa, daga iri zuwa feshi zuwa rumbu zuwa kasuwa, kowanne da linki zuwa ɗan'uwansa, ya fi rubutu ɗari uku da suka haɗa ƙwallo da siyasa da fassarar mafarki. Mai karatu zai gane cewa nan gidan albasa ne, Google ma haka.

Rubuta da bakin mai tambaya

Akwai wasu abubuwa da suka shafi Hausa kaɗai, waɗanda darussan SEO na YouTube ba za su gaya maka ba. Na farko, haruffa masu ƙugiya. Mutane da yawa "kudi" suke rubutawa a waya, ba "kuɗi" ba, "kasa" ba "ƙasa" ba. A cikin rubutunka ka bi ƙa'ida, domin ƙugiya ce ke raba "ƙafa" da "kafa". Amma adireshin kowane rubutu, wato abin da ke biyo bayan sunan shafin, ka yi shi da haruffa marasa ƙugiya, gajere, don ya yi sauƙin turawa. Kuma ka gwada binciken tambayarka ta fuska biyun ka ga abin da kowacce ke fitarwa.

Na biyu, karin harshe. Abin da Bakano ke kira gyaɗa, a Sakkwato da Nijar gujiya ce. Wani "adaidaita sahu" zai rubuta, wani "Keke Napep". Wani "intanet", wani "yanar gizo". Idan masu karatunka sun haɗa da Maraɗi da Damagaram, ambaci kalmar tasu ko sau ɗaya a cikin rubutun, yadda za ta zauna daidai.

Na uku, gauraya. Babu ɗalibin da zai rubuta "asusun bayar da lamuni ga ɗalibai" a Google. "Yadda ake cike NELFUND" zai rubuta. Kanun rubutunka ya ɗauko kalmomin da mutane ke amfani da su da gaske, ko da malamin Hausa zai ɗan ɓata fuska.

Sai maganar gabatarwa. Mun saba da doguwar shimfiɗa: sallama, gaisuwa, barkanmu da sake saduwa, godiya ga masu bibiya, sannan a shiga magana. A rediyo wannan ado ne. A shafi kuwa, wanda ya shigo daga Google sauri yake, idan ya ja ƙasa sau biyu bai ga amsa ba zai koma ya danna na gaba. Yi sallamarka a layi ɗaya, ka ba da amsar a sakin layi na farko, bayani ya biyo baya.

Kar kuma ka cika rubutu da maimaita kalma ɗaya sau ashirin wai don inji ya gani. Wannan tsohuwar dabara ce da Google ya daɗe da sanyawa cikin jerin maguɗi. Hatta ɓoyayyen gurbin nan da ake jera kalmomin bincike a bayan shafi, tun 2009 kamfanin ya bayyana cewa ba ya amfani da shi wajen jera sakamako.

Gani ya kori ji

Babbar cutar ƙananan shafukan Hausa ita ce kwafi. A ɗauko labarin wata jarida, a canza kanu, a liƙa. Shafuka goma, rubutu ɗaya, har kuskuren rubutun iri ɗaya. Idan Google ya ga kwafi goma na abu ɗaya, guda yake zaɓa ya nuna, kuma da wuya ya zama naka. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Yaƙin Google da irin wannan ya daɗe. A watan Fabrairun 2011 ya fito da sauyin da aka sani da Panda, wanda ya durƙusar da shafukan da ke tara rubutu barkatai marasa amfani. A watan Maris na 2024 ya ƙara doka a kan masu samar da ɗaruruwan rubuce-rubuce don kawai su cika sakamakon bincike, ko mutum ne ya rubuta ko ƙirƙirarriyar basira. Don haka wanda ke ganin zai sa ChatGPT ya zubo masa rubutu hamsin a dare ɗaya ya wallafa ba tare da ya ƙara komai nasa ba, ya sani cewa kan hanyar da aka riga aka datse yake.

Akwai wani kundin ƙa'idoji da Google ke bai wa mutanen da yake ɗauka su auna ingancin sakamakon bincike. A da abubuwa uku yake jaddadawa: ƙwarewa, zama madogara a fanni, da amana. A watan Disambar 2022 aka ƙara na huɗu, wato gogewa: shin marubucin ya taɓa abin da hannunsa? Makin waɗannan mutane ba ya ɗaga shafinka ko sauke shi kai tsaye, amma yana nuna inda kamfanin ya sa gaba.

A nan ne ƙarami ke da abin da babba ba shi da shi. Ɗan jarida a Abuja zai iya rubuta cewa farashin hatsi ya tashi. Kai da ke zuwa Dawanau kowane mako za ka iya rubuta nawa aka sayar da buhun gero da na wake ranar kaza, da hoton da ka ɗauka da wayarka, da kuɗin dako zuwa bakin titi. Ka sa kwanan wata. Ka sa sunanka da abin da ya sa ka san maganar. Idan farashi ya canza ko hukuma ta sauya tsari, ka koma tsohon rubutun ka gyara, maimakon ka bar shi yana ɓatar da mutane.

Gargaɗi ɗaya: lafiya da kuɗi. Google ya fi tsananta awo a kan batutuwan da kuskure a cikinsu zai iya cutar da rai ko dukiya. Idan ba fanninka ba ne, ka bar rubutun "maganin kaza cikin kwana uku". Ko da ya kawo maka masu karatu, wani zai iya barin asibiti saboda abin da ka rubuta, kuma alhakin na wuyanka.

Shafin da ba ya cinye data

A watan Oktoban 2023 Google ya sanar da cewa ya kammala komawa tsarin duba shafuka ta fuskar wayar hannu. Wato yadda shafinka ke fitowa a waya shi ake aunawa, ba yadda yake a kwamfuta ba. Ma'aunin da kamfanin ya sa shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Akwai PageSpeed Insights, kyauta, ka saka adireshinka ya gaya maka abin da ke jan ƙafa.

A wurinmu maganar ta wuce ta Google. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da har kashi 50 cikin 100. Mai karatunka yana lissafin kowane megabait, kuma wataƙila sabis ɗinsa sanda biyu ne. Shafin da ke buɗe bidiyo da kansa, ga talla ta rufe fuska, ga wata ta biyo ta, ba zai sake ganinsa ba.

Rage nauyin hotuna kafin ka ɗora. Zaɓi fasalin shafi mai sauƙi. Gwada shi a ƙaramar waya, ba a ta abokinka mai tsada ba. Tabbatar adireshinka na farawa da https, domin tun 2014 Google ya ce yana la'akari da hakan, kuma Let's Encrypt na bayar da takardar tsaron kyauta. Sauri kaɗai ba ya kai rubutu maras amfani sama, amma idan rubutu biyu suka yi kunnen doki, yana iya raba gardama. Kuma manyan shafuka da yawa sun yi nauyi da talla, kai kuwa ba ka da wannan kayan a ka.

Idan shago gare ka

Mai shago yana da wata gajeriyar hanya da ko shafi ba ta buƙata: Google Business Profile. Rajista kyauta ce. Ita ke sa shago ya fito a taswira idan wani ya nemi tela ko mai gyaran sola ko gidan abinci a kusa da shi. Google ya ce abubuwa uku yake dubawa a nan: dacewa da abin da aka nema, kusanci da mai nema, da shahara. Kusanci kuwa ba a sayensa. Babban kamfani a Legas ba zai fi ka kusa da mutumin da ke tsaye a Zoo Road ba.

Cike komai: suna, lambar waya mai aiki, lokacin buɗewa da rufewa, hutun Juma'a, hotunan gaske. Roƙi kwastomomin da suka ji daɗin aikinka su rubuta ra'ayinsu, ka kuma amsa wa wanda ya yi ƙorafi cikin ladabi. Kar ka sa abokai su rubuta yabon ƙarya. Ya saɓa ƙa'ida, kuma mai karatu na gane yabo goma da aka rubuta da baki ɗaya.

Linki: a same shi, kar a saya

Tunda linki ƙuri'a ce, dole a samu masu sayar da ƙuri'a. Za su shigo maka ta Telegram ko WhatsApp: linki dubu a kan 'yan kuɗi kaɗan. Waɗannan daga matattun shafuka suke fitowa, kuma tun sauyin Penguin na watan Afrilun 2012 Google ke farautarsu. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a yi watsi da su, kuɗinka ya tafi a banza. Mafi muni, a hukunta shafin.

Girma ma ba ya ceton mai maguɗi. A 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga sakamakon bincike na ɗan lokaci, saboda abin da yake nuna wa injin bincike daban, wanda mutane ke gani daban. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo dubban linki na bogi da ke ɗaga shafin kantin JC Penney na Amurka. Kantin ya ce bai san da aikin ba, ya kori kamfanin da ke yi masa SEO, amma duk da haka Google ya sauke shi ƙasa. Kuma a shafinsa na shawarwari, Google ya rubuta ƙarara cewa babu wanda zai iya ba ka tabbacin matsayi na ɗaya. Duk wanda ya ba ka wannan tabbacin, riƙe aljihunka.

Linki na gaske daga aiki yake zuwa. Idan kai kaɗai ke wallafa farashin dabbobi na kasuwar garinku kowane mako, wata rana ɗan jarida zai buƙace shi ya ambace ka. Idan ka rubuta bayanin rajistar sababbin ɗalibai dalla-dalla, ƙungiyar ɗalibai za ta iya saka shi a shafinta. Ka rubuta wa wata jarida maƙala a fanninka. Linki biyar daga irin waɗannan wurare sun fi dubun da aka saya.

Auna, kar ka yi hasashe

Ranar da ka buɗe shafi, ranar za ka haɗa shi da Google Search Console. Shi ma kyauta ne. Zai nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana, sau nawa ya bayyana, sau nawa aka danna, da matsayin da yake. Ta nan za ka miƙa taswirar shafinka don a san duk rubutun da ke ciki.

Ga wata dabara mai sauƙi. Nemi rubutun da ke tsakanin matsayi na 8 da na 20. Waɗannan sun kusa, turawa kaɗan suke jira. Duba tambayar da ke kawo su, ka ga ko ka amsa ta sosai, ka ƙara abin da ya rage, ka gyara kanu. Sau da yawa gyaran tsohon rubutu ya fi sabon rubutu riba.

Sai haƙuri. Google da kansa ya taɓa cewa akan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda kafin a ga amfanin aikin SEO. Wanda ya watsar a wata na uku bai ma kai lokacin girbi ba.

Inda gizo ke saƙa

Ba daidai ba ne a ce duk wanda ya bi waɗannan matakai ya tsira. Akwai wani ƙaramin shafi a Birtaniya mai suna HouseFresh, masu shi suna sayen na'urorin tace iska su gwada da kansu kafin su yi rubutu. A watan Fabrairun 2024 suka wallafa ƙorafin da ya zagaya duniya, cewa manyan mujallu da ba su nuna alamar sun gwada kayan ba suna shan gabansu saboda suna kawai. Bayan sauyin da Google ya yi a watan Maris na shekarar, suka ce sun rasa sama da kashi 90 cikin 100 na masu shigo musu daga bincike. Sun yi aikin yadda ake so, kuma hakan bai hana su faɗuwa ba.

Ga kuma amsoshin ƙirƙirarriyar basira da Google ya fara sakawa a saman sakamako a Amurka a watan Mayun 2024, ya faɗaɗa zuwa ƙasashe sama da 100 a watan Oktoba. Idan amsar tambaya layi biyu ce, mai nema zai karanta a nan ya tafi, bai shiga shafin kowa ba. Wannan ƙarin dalili ne na rubuta abin da inji ba zai iya sani ba sai wani ya je ya gani. Kuma kusan kashi 90 cikin 100 na binciken duniya a hannun kamfani ɗaya yake, har wani alƙalin Amurka, Amit Mehta, ya yanke hukunci a watan Agustan 2024 cewa Google ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba.

Saboda haka duk wanda Google ya kawo maka, ka nemi hanyar riƙe shi: tashar WhatsApp, jerin imel, ko lambar da zai ajiye. Kafafen sada zumunta ma ba abin jingina ba ne su kaɗai. Mun ga yadda aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mun ga ranar 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. Shafi mai adireshinka, ko .com ne ko .com.ng da hukumar NiRA ke kula da shi, shi ne wurin da ba a kulle maka da safe ɗaya. TikTok da Facebook su zama masu kiran kasuwa. A can ɗin ma bincike ake yi: a 2022 wani babban jami'in Google, Prabhakar Raghavan, ya ce kusan kashi 40 cikin 100 na matasa idan suna neman wurin cin abinci TikTok ko Instagram suke buɗewa. Don haka bayanin da ke ƙarƙashin bidiyonka ma ka rubuta shi da kalmomin mai tambaya.

Batun kuɗi kuma, kar ka ɗora rai duka a kan AdSense. Sai kuɗinka ya kai dala 100 ake biya, kuma yana da jerin harsunan da yake karɓa, ka duba shi tun kafin ka fara lissafi. Mutum ɗari biyu da ke neman mai haɗa sola a garinku sun fi dubu ashirin da suka leƙo tsegumi suka wuce, in dai sola kake haɗawa.

A wannan makon, ɗauki takarda ka rubuta tambayoyi ashirin da aka fi yi maka a kan abin da ka iya, ko ɗinki ne, ko kiwon kaji, ko cike fom ɗin makaranta. Bincika kowacce a Google. Ja layi a ƙarƙashin waɗanda ba ka samu gamsasshiyar amsa da Hausa ba, ka fara da wadda aka fi damunka da ita.